Kurakuran da aka fi yi wajen kwance sifirin ɗin mota da mayar da shi

Sifirin mai ganye-ganye, irin wanda ke bayan Hilux, Hiace, Canter da manyan motocin dakon kaya, ba shi da wuyar ganewa: falle-fallen ƙarfe ne aka jera, santa bol ya ratsa su ta tsakiya, yu-bol ya ɗaure su a jikin aksil. Sauƙin nan ne ke sa yaran gareji su raina shi, alhali yana karya yatsu, yana fasa baki.

Tun kafin a ɗauki sifana ake fara kuskure. Sai ka ga an ɗaga mota an bar ta kan jak kaɗai, ko an tokare ta da bulo. Bulo kuwa farfashewa yake yi farat ɗaya. Shasi za a tokare da ƙarfen tokara ko katako mai kauri, a kan ƙasa mai tauri, a sa wa tayoyin gaba weji. Jak ya koma ƙarƙashin aksil, a riƙa sauke shi a hankali, ido na kan tiyon birki kada ya miƙe ya tsage.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne kwance santa bol haka kawai. Kowane ganye da nasa lanƙwasar, matse su aka yi da ƙarfi suka kwanta wuri ɗaya. Ko an ciro sifirin an yar a ƙasa, ƙarfin nan yana nan ciki. Sai ka ga yaro ya durƙusa, fuskarsa daidai saman notin, yana kwancewa. Da zarar notin ya kai zaren ƙarshe, ganyen su watse. A matse sifirin da kilam, wato ƙarfen matsewa mai zare, guda biyu masu ƙarfi, ɗaya dama ɗaya hagu da santa bol, sannan a cire santa bol ɗin, a riƙa sassauta kilam ɗin kaɗan-kaɗan, wannan juyi ɗaya, wancan juyi ɗaya. Mutum ya tsaya a gefe. Kafin a raba su a ja layi da alli a gefen ganyen, domin a motoci da yawa santa bol ba a tsakiya cif yake ba. Idan aka juya gaba ya koma baya, taya ba za ta zauna a muhallinta ba.

Ganyen da ya tsage ba a yi masa walda, ba a kuma gasa shi a wuta don a dawo da lanƙwasarsa. Zafi yana kashe ƙarfin da aka ba ƙarfen tun daga masana'anta, kuma kusa da waldar zai sake karyewa, galibi mota na ɗauke da kaya. A canza shi. In sifirin ya kwanta gaba ɗaya, a canza ɓangarorin biyu tare, kada mota ta karkace.

Wajen mayarwa, tsohon yu-bol ne ke cutar mutane. Ya riga ya miƙe, zarensa ya gaji, ba zai riƙe kamar da ba. Mai mota zai ce, "Oga, a lallaɓa da shi mana." Kada a yarda. Yawancin santa bol ɗin da ke tsinkewa, sakin yu-bol ne sanadi: ganye ya fara motsi, aksil ya goce, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar ƙaguwa. A tabbata kan santa bol ya faɗa raminsa a kan aksil, a ɗaure notocin huɗu bi da bi a gicciye, gwargwadon awon da kamfanin motar ya bayar. Bayan 'yan kwanaki ana aiki, a dawo a sake matse su, domin sabon ɗauri yakan zauna.

Notocin bushin (robar da ke cikin idon sifirin a kowane ƙarshensa) da na shakul (ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a jikin shasi) kuma, ba a ƙarasa ɗaure su mota na sama. A sauke ta, nauyinta ya hau kan tayoyi, sannan a matse. In ba haka ba robar bushin za ta zauna a murɗe, ba da jimawa ba ta yage, ƙarar da aka kawo motar dominta ta dawo.