Yadda za ka gano kalar fentin inji ta asali in kana gyaran tsohuwar mota

Yawancin masu tada tsofaffin motoci a Zariya, irin su Peugeot 504 da 404 da Beetle da Land Rover, bodi suke kashe wa kuɗi, amma kana ɗaga bonet sai ka tarar an watsa wa injin silba ko ja tun daga sama har ƙasa, har kabireta da wayoyin fulogi. Wallahi wannan ɓata mota ne.

Ka fara duba lambar inji tukuna, don ka san ko injin na asali ne. PAN, wato kamfanin Peugeot na Najeriya, ta fara haɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, motar da ta kai waɗannan shekarun da wuya ba a taɓa canza mata inji ba. Ita kuma lambar fentin da ke kan ɗan ƙarfen nan na cikin bonet, ta bodi ce, babu ruwanta da inji.

Samfurin kalar yana jikin injin naka. Ka sa makanike ya kwance sitata ko ƙafar inji ko wani biraket da ba a taɓa cirewa ba, a bayansu fentin kamfani ke ɓuya, baƙin mai da ƙura sun rufe shi shekara da shekaru hasken rana bai taɓa shi ba. Ka jiƙa tsumma da kalanzir ka goge a hankali, sannan ruwan omo. Kar ka bari yaran gareji su kawo samfefa ko buroshin waya, kuma tina ma ka ajiye ta gefe don cinye fentin za ta yi. Kar ka ɗauki samfur kusa da salansa, zafi ya riga ya ƙona kalar wurin. In injin an taɓa kankare shi tas, sai ka shiga kasuwar Panteka a Kaduna ka nemo wani guntun kayan irinsa mai sauran fenti.

Ƙarfen kansa za ka kai wa mai haɗa fenti a Sabon Gari, ba hoton waya ba, kowace waya da irin kalar da take nunawa. In ya haɗa, a fesa a wani guntun ƙarfe mai firaima irin wadda za ka sa wa injin, a bari ya bushe sosai sannan ku kwatanta a waje cikin inuwa, ba ƙarƙashin ƙwan shago ba. Ɗanyen fenti yaudara gare shi. Ka duba ƙyallin ma, tsofaffin injina ba sa walƙiya kamar bodi.

Sannan ba komai ake fentawa ba fa. Top ɗin 504, wato kan injin, alminiyom ne, wankewa kawai yake so. Beetle kuwa gidan injinta haɗin magnesiyam ne, haka yake zuwa tsirara, gwangwanayen iskar da suka kewaye shi su ne baƙaƙe. Su Amurkawa a wancan zamanin kowane kamfani da kalar injinsa, Chevrolet ruwan lemo, Ford shuɗi daga 1966.

Fentin inji za ka nema, mai jure zafin digiri 260 na Salsiyas, ana rubutawa a jikin gwangwanin. Bakin salansa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, shi nashi fentin daban ne. Ka toshe ramukan fulogi, ka rufe duk inda gasket zai zauna, ka yi shafe biyu ko uku marasa kauri. In lokacin hunturu ne ka yayyafa ruwa a ƙasan garejin ka rufe ƙofa, in ba haka ba ƙurar nan a kan ɗanyen fentin za ta sauka.