Yadda za ki gano kuɗin shigar matar aure a bincike

Ƙanwata, in an tura ki binciken tattalin arzikin iyali a Gombe, kada ki tambayi matar aure, "Kina aiki?" A'a za ta ce miki, alhali ƙosanta rabin layin ke karya kumallo da shi. Ni a unguwannin Pantami da Jekadafari cewa nake yi, "Hajiya, me aka ɗora wa yara talla jiya?" Sai ki ji ƙuli-ƙuli ya fito, kitso da ɗinkin hula su biyo baya. Tun 1969 Polly Hill, wata Baturiya mai binciken tattalin arzikin karkara, ta yi rubutu kan wannan ɓoyayyen ciniki na matan kulle a ƙasar Hausa.

Ki nemi izinin maigida tukuna, ki je bayan azahar, lokacin da aka sauke tukunya. Kowace ki zauna da ita a ɗakinta, don ba mai faɗin ribarta gaban kishiya.

Kuɗin cefane daga miji yake, ribar sana'a tata ce, kada ki cakuɗa su. Ki tambayi nawa take zubi a adashi, akuya nawa gare ta, da kwanukan da take tara wa 'yarta na kayan ɗaki. Jari ma ki rubuta shi daban, galibi haɗe da riba suke faɗarsa.