Darasi na 7: Kula da Jariri Mai Bututun Numfashi a Wuya

Akwai jaririn da ake haifa da ƙaramin muƙamuƙi, harshensa na faɗawa baya ya tare iska. Wani kuma maƙogwaronsa ne a matse. Sai likita ya huda gaban wuya ya sa ɗan bututu, aikin da ake kira tirakiyostomi.

Faɗin ramin bututun milimita 3 ne zuwa 3.5, kamar ƙwayar dawa. Majina kaɗan ta bushe a ciki, ya toshe. Hanci ne ke jiƙa iskar da muke shaƙa, ita kuwa ta bututu ba ta bi ta hanci, shi ya sa toshewa ta fi yawa da hunturu. Hoda, turaren wuta da hayaƙin murhu duk a nisanta su da shi.

Wannan yaro ba a jin kukansa, don iskar ba ta kai wa ga muryarsa. Da ido za ku gane in numfashi ya yi masa wuya: ƙirji na lotsawa, hanci na buɗewa, leɓɓa sun sauya launi, ga zufa. Ku wanke hannu, ku zura robar zuƙa, wato siririyar robar da ake zuƙe majina da ita, cikin bututun iya tsawon da nas ta auna muku, ku zuƙe kuna janyewa, kada ya wuce daƙiƙa 5. In kun zurfafa za ku ƙuje cikin maƙogwaro, jini ya fito, daga baya nama ya tsiro. In robar ta ƙi shiga, kada ku tsaya gwaji: bututun ya toshe, cire shi za a yi a sa sabo.

Bayan toshewa, na biyu a haɗari shi ne ficewar bututun. Wuyan jariri gajere ne, hannunsa kuma ba ya zama. Ɗaurin igiyar da ke riƙe bututun ya zama yatsa ɗaya ne kawai ke shiga tsakaninsa da wuya. Mutum biyu ke canja igiya, ɗaya na riƙe da bututun. In ya fice, a naɗe tawul a sa ƙarƙashin kafaɗu, a sa wani. In ya ƙi shiga, a gwada ƙaramin da aka ba ku, ba da ƙarfi ba, a garzaya asibiti. A makon farko hudar ba ta kama ba, bututu kan iya kaucewa ƙarƙashin fata, don haka canjin farko na likita ne.

Jar fata, wari ko majina mai ruwan ɗorawa, a nuna wa likita ranar. Jini ja da ke zuba kuwa ba ya jiran gari ya waye.