Idan Baƙo Ya Yi Sallama da Sunan Talla ko Tallafi

Tun da wata mata ta shigo gidanmu da sunan wanke zinari ta fita da ɗankunnen ƙanwata, ake ta tambayata yadda muke yi yanzu. Ga shi:

1. Amsa sallamar daga ciki, sakata na rufe.

2. Leƙa ta kafar ƙofa ka ga ko su nawa ne.

3. Tambayi abin da ya kawo shi.

4. In ya ce kamfanin wuta ne ya turo shi, nemi katin shaidar aikinsa. Riga mai ɗaukar ido ba hujja ba ce, a kasuwa ake sayar da ita.

5. Fita ka same shi a ƙofar gida, ka jawo ƙofa ta rufe.

Hattara: a nan ake cin mutane. Ɗaya zai riƙe ka da surutu, ɗaya ya roƙi ruwan sha ko ya ce fitsari ya matse shi. Aika yaro ya kawo ruwan waje. Kunya ce ke sa mu buɗe gida, su ma sun sani.

6. Hana shi lambar BVN ta banki, NIN ta katin ɗan ƙasa ko lambar sirrin katinka na banki, ko da ya ce rajistar tallafin gwamnati ce.

7. Mai tara kuɗin gina masallaci kuwa, tambaye shi unguwar da sunan limamin. In ya fara kame-kame, sallame shi.

8. Sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri kamanninsa.

9. In ya ƙi tafiya, kira lambar gaggawa ta 112.