Yadda ake tuƙa babur mai ƙafa huɗu na tu-sitirok cikin taɓo da duhuwar itatuwa

Daga Yuli zuwa Satumba, hanyoyin fadamar Rima ta wajen Kwalkwalawa da Dundaye, a jihar Sakkwato, sukan koma laka zalla, ga kududdufai, ga saiwoyin itatuwa da ruwa ya tono. Babur mai ƙafa huɗu yana iya ratsa irin wannan wuri, amma na tu-sitirok, wato mai injin da ke ƙona fetur tare da man injin, yana da halinsa. Waɗanda suka fi suna su ne Yamaha Banshee 350 da ya fito a 1987, da ƙaninsa Blaster 200 na 1988. Dukansu tayoyin baya kaɗai ke ja, da ƙafa ake tayar da su, kuma ba su da giyar baya. Asali don gudu a fili da rairayi aka fi son su. Injin ba ya da ƙarfi idan yana tafiya sannu, sai ya ɗaga murya ƙarfin ke zuwa gaba ɗaya. Taɓo kuwa ba ya son wannan zuwan bazata, saboda haka aikin direba shi ne ya riƙe injin yana raye ba tare da taya ta haukace ba.

Fara daga gida, da mai. Banshee ba shi da famfon da ke haɗa fetur da man 2T, wato man injin tu-sitirok, kai za ka haɗa a jarka. Mahaya da yawa suna bin ma'aunin 32 zuwa 1, wato mililita 125 na 2T a lita 4 ta fetur, sai dai abin da littafin mashin da gorar man suka ce shi ne gaba. Ka auna, ka girgiza, sannan ka zuba. Ƙiyasin ido da tsofaffin 'yan kabu-kabu ke yi wa Suzuki bai dace da wannan injin ba. Blaster yana da tankin 2T nasa daban, ka leƙa ka tabbatar da akwai mai a ciki, don wasu masu shi na baya sukan cire famfon su koma haɗawa da hannu, kuma mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba.

Sai soson da ke tace iskar da injin ke sha. A wanke shi, ya bushe, a shafa masa mansa a matse, a sa ɗan giris a bakinsa inda yake zama. Idan an huda murfin akwatin iskar don ƙarin gudu, a toshe ramukan kafin damina. Ka sa fulogi sabo a aljihu tare da sifanarsa, guda biyu ga mai Banshee tunda silinda biyu gare shi, da igiya mai ƙarfi.

Iskar taya ita ce inda aka fi yin kuskure. Mai faci ya saba da tayar mota, zai ɗura maka har ta yi tauri. Waɗannan tayoyin kuwa abin da suke so bai wuce 4 zuwa 5 a ma'aunin PSI na geji ba, kuma sai da ƙaramin geji na musamman ake iya karanta shi. Taya mai tauri zamewa take yi a laka, kuma idan ta dama ta fi ta hagu iska, mashin zai riƙa janka gefe guda.

Hular kwano, tabarau, takalmi mai rufe idon sawu, riga mai dogon hannu saboda ƙayar bagaruwa. Mutum ɗaya ke hawa, ba a goyo. Kada ka fita kai kaɗai, kuma ka tambayi mutanen gari inda ake shiga da inda ba a shiga, don halin tsaron dazuzzukan gabashin jihar ba boyayye ba ne. Gonar shinkafar mutane ba hanya ba ce. Idan za ku bi gefen gonaki, ku fara gaida mai unguwa.

To, ga ka a bakin taɓo. Tsaya ka duba kafin ka shiga. Laka mai sheƙi da santsi a sama ita ce ta fi zurfi, inda ciyawa ta tsiro kuwa ƙasa ta fi riƙo. Sawun amalanken shanu yaudara ne: tayoyinka za su faɗa ramukan, cikin mashin ya zauna a kan tudun tsakiya, tayoyi suna ta juyawa a banza. Gara ka ɗora taya ɗaya a kan tudun. Zaɓi giyarka tun kana kan busasshiyar ƙasa, galibi ta biyu, domin ta ɗaya saurin tona rami take yi. Shiga da ɗan gudu daidai, babban yatsanka a kan totur ba ƙari ba ragi, yatsu biyu a kan kuloci. Ka ja jikinka baya kaɗan don nauyi ya sauka a tayoyin da ke ja. In ka ji muryar injin tana dusashewa, ɗan taɓa kuloci ya farfaɗo, ka sake shi a hankali. In kuma taya ta fara watsa laka sama mashin bai motsa ba, saki totur nan take. Kowane ƙarin wuta ƙarin zurfi ne. Sauka, ku ɗaga bayan ku ja shi gefe, ko ku sa igiya. Banshee ya haura kilo 170, ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Kome ya faru, kada ka sauke ƙafa ƙasa mashin yana tafiya. Wanda ya saba da babur mai ƙafa biyu zai yi haka ba tare da tunani ba, tayar baya kuma tana nan daf da diddigensa.

Cikin itatuwa, kwana ce matsala. Tayoyin baya a ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa, shi ya sa mashin ke son miƙewa ko da ka karya kai. Rage gudu kafin kwanar, ka karkatar da jikinka cikin kwanar da ɗan gaba, sannan ka ba da wuta kana fita. Jiƙaƙƙiyar saiwa a tsallaka ta kai tsaye, ba a karkace ba. A gangara kada ka dogara ga injin ya riƙe ka, tu-sitirok ba ya yin haka sosai. Birki a hankali, na baya da na gaba tare. Tafiyar sannu mai tsawo tana jiƙa fulogi, don haka in ka samu fili ka ɗan buɗe masa ya share maƙogwaro. Tana kuma sa zafi: lagiretar Banshee ba ta da fanka, Blaster kuwa iska ce ke sanyaya shi, in laka ta cike haƙarƙarin silinda sai a tsaya a kankare.

Ruwa a auna shi da sanda. In ya wuce matakin ƙafa, ko yana gudu, nemi wata hanya. Bayan ka fito, taka birki sau da yawa kana tafiya sannu har ya bushe. Idan injin ya mutu cikin ruwa, kada ka buga kik, domin ruwa ba ya matsuwa kuma zai iya lanƙwasa sandar fistin. Ku fito da shi, a rufe mai, a cire fulogi, a tsayar da mashin a kan bayansa salansa ta zubar da ruwa. Ruwa yakan kwanta a ƙasan injin, wani lokaci sai an kifa mashin an juya injin kafin ya fita. A zubar da abin da ke cikin kafireta, a matse soso, a yi ta kik babu fulogi har feshi ya daina fita. Fulogin da ya fito baƙi yana ɗigar mai a canza shi. Lafiyayyen fulogi launinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, a bushe. Lallai injin ya tashi ya yi zafi a ranar, in ya kwana da danshi boris zai yi tsatsa.

Da an dawo gida a wanke kafin lakar ta bushe, don ta fadama in ta ƙame sai da ƙarfe. A toshe bakin salansa da leda, kada a harba ruwa mai ƙarfi kan boris da wayoyi. A duba man giya: in ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a juye shi. Sarƙa a goge ta, a sa mata mai, a duba ko ta saki. Birkin da ya yi yini cikin laka da yashi yana cinyewa da wuri, a leƙa shi kafin fita ta gaba.