Babi na Biyar: Ire-iren Biza ga Matashin da ke Son Zama a Ƙasar Waje

Biza izini ce da wata ƙasa ke bai wa baƙo domin ya shiga cikinta, kuma kowace biza tana ɗaure ne da dalilin da aka bayar da ita. Matasa da yawa suna zaton da zarar an buga musu tambari a fasfo, ƙofar zama da ta aiki ta buɗe ke nan, alhali kuwa irin bizar ce ke faɗin abin da aka yarda mutum ya yi da kuma tsawon lokacin da zai zauna.

Bizar ziyara ita aka fi sani, kuma ita ce ta fi jefa mutane cikin wahala. A ƙasashen Turai da ke cikin yarjejeniyar Shengen, irin su Faransa da Jamus, ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ba a kama aiki da ita. A Amurka kuwa, wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 sannan ya fita, ana hana shi dawowa na shekara 3, idan kuma ya kai shekara guda, haramcin ya zama na shekara 10.

Ga matashin da ke da takardun makaranta, bizar karatu ce hanya mafi tsabta. Sai makaranta ta fara karɓar ɗalibi ta aiko masa da shaida, sannan ya nufi ofishin jakadanci, inda za a nemi ya nuna cewa yana da kuɗin makaranta da na ci da sha, ya kuma ci jarrabawar harshe irin su IELTS idan da Turanci za a koyar. A Birtaniya ana barin ɗalibin jami'a ya yi aiki har awa 20 a mako lokacin da ake karatu, amma wannan abin rage zafi ne kawai, wanda ya ɗora lissafin kuɗin makarantarsa a kai ya yi ganganci. Jamus tana da wata hanya da ba a cika ambata ba, wato bizar koyon sana'a, inda matashi ke raba lokacinsa tsakanin makaranta da kamfani kuma ana biyansa yana koyo, sai dai dole ya iya Jamusanci gwargwado kafin ya tafi.

Bizar aiki yawanci tana buƙatar kamfanin da zai ɗauki nauyin mutum tun yana gida. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, izinin zaman ma'aikaci yana rataye da kafilinsa, wato wanda ya ɗauki nauyinsa, saboda haka wajibi ne a karanta takardar yarjejeniya da kyau kafin a sa hannu, musamman abin da ya shafi albashi da sharuɗɗan barin aiki. Kanada kuma tun 2015 take amfani da tsarin Express Entry na neman zama na dindindin, wanda ke ba da maki bisa shekaru da ilimi da harshe da ƙwarewar aiki, kuma 'yan shekara 20 zuwa 29 ne ke samun maki mafi yawa ta fuskar shekaru. Jamus ma ta fito da irin wannan tsarin maki a 2024, wanda ke bai wa mai sana'a har shekara guda ya nemi aiki a can.

Akwai kuma bizar hutu da aiki ta Ostireliya ga 'yan shekara 18 zuwa 30 (har 35 ga 'yan wasu ƙasashe), amma ta taƙaita ga 'yan ƙasashen da aka ƙulla yarjejeniya da su.

Dokokin nan suna sauyawa sau da yawa, don haka shafin intanet na hukumar ƙasar da ake nufi shi ne wurin tabbatar da su. Babu dillalin da ke da ikon bayar da biza, jami'in ƙasar ne kaɗai ke yanke hukunci, kuma takardar bogi ɗaya da aka gano tana iya rufe wa mai nema ƙofa na shekaru. Kafin cika kowane fom, a duba ranar ƙarewar fasfo, domin ƙasashe da yawa suna son ya kasance da sauran aƙalla wata 6.