Katin zaɓe da hotonka: abin da za ka gyara kafin zaɓen ƙananan hukumomi a Sakkwato

Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ciyamomi 23 da kansiloli 244 na Sakkwato, amma rajistar da take aiki da ita ta INEC ce, wato hukumar zaɓe ta ƙasa. Saboda haka duk matsalar kati, ofishin INEC na ƙaramar hukumarka za ka nufa, ba ofishin hukumar jiha ba.

A rumfar zaɓe katin dindindin kaɗai ake karɓa. Katin ɗan ƙasa, lasisin tuƙi da fasfo duk suna da hoto, amma ba ɗayansu da zai sa a ba ka takardar ƙuri'a. Haka ma 'yar takardar da aka ba ka ranar rajista. A Ingila, inda aka fara neman shaida mai hoto a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2023, fasfo da lasisi duk suna shiga, amma duk da haka kimanin mutum 14,000 aka mayar ba su dawo ba. Ina ga nan da kati ɗaya tak ke aiki?

Fara da ɗauko katin ka duba lambar rumfarka. Kashi huɗu ce: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Ta Sakkwato da 33 take farawa. A 2021 INEC ta ƙara rumfuna, aka mayar da wasu masu zaɓe zuwa sababbin rumfunan, don haka lambar da ke jikin tsohon kati ba lallai ta zama inda sunanka yake yanzu ba. Ka tantance a shafin INEC na intanet ko a ofishinsu.

Idan katin ya ɓace, ko hoton ya goge har ba a gane fuska, ka je da kanka ka nemi sabo. Dokar zaɓe ta 2022 ta sa a nema aƙalla kwana 90 kafin ranar zaɓe, sauya rumfa ma haka. Sauya rumfa ya fi shafar waɗanda 'yan bindiga suka taso daga Isa, Sabon Birni ko Rabah suka dawo cikin gari. Kuskuren da aka fi yi shi ne sake sabuwar rajista. Laifi ne, kuma na'ura tana gane yatsu da fuskar da suka shiga sau biyu. Sauyin rumfa za ka nema, sai dai ka sani in ka sauya zuwa ƙaramar hukumar Sakkwato ta Arewa, kansilan ƙauyenku ya fita hannunka.

Karɓar kati ba a aike. Miji ba ya karɓar wa matarsa, nan ne katunan matan kulle da yawa ke kwana a ofis.

Ranar zaɓe malamin zaɓe zai gwada fuskarka da hoton kati da na rajista. Mai niƙabi ta shirya ɗaga shi na ɗan lokaci. Tana iya roƙon ma'aikaciya mace ta duba ta in akwai. Inda ake amfani da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, yatsa take fara nema, in ya ƙi sai fuska. Sabon lalle da kantar fartanya kan sa yatsa ya ƙi, don haka a ɗaga ƙunshi sai bayan zaɓe, a kuma goge yatsa ya bushe kafin a ɗora.